Kafin a Ɗaura, a Tambayi Gada

Zuwa ga mahaifiyata Hajja Rabi, wadda ke kwance a maƙabartar Baƙi'a ta Madina,

Assalamu alaiki wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, ina sanar da ke cewa gida lafiya, jikokinki lafiya, sai dai abin da ba a rasa ba. Na san wasiƙa ba ta shiga kabari. Amma maganar nan ta tsaya mini a wuya, kuma ke ce mai ita, don haka ke zan rubuta wa. Masu bibiyar shafina su taya ni ji.

Inna, autanki Mansur ya ga yarinya. Eh, Mansur ɗin da kika gaji da yi wa faɗan aure, wanda in kin yi masa Hausa sai ya amsa miki da Larabci, ya sumbaci goshinki ya sulale. A asibitin da yake aiki ya same ta, tana ɓangaren magunguna. Sunanta Ruwaida, 'yar Yahuza ce, Yahuzan Hajja Zulai da kuka yi maƙwabtaka a Al-Sih kafin a tashi unguwar kowa ya kama gabansa. Yarinya mai hankali, Hausarta ma ta fi tasa daɗi. Mun je sun karɓe mu hannu bibbiyu, an sha shayi an ci dabino, har an fara maganar sa rana. Ni sarkin azarɓaɓi har na kai ɗinki.

Sai labari ya kai kunnen Hajja Kaltume, ƙawarki 'yar Chadi mai faɗan nan. Yanzu ba ta fita, tana ɗakin jikarta a Harra ta Gabas. Ido ya tafi, amma kunne da baki suna nan daram. Da aka gaya mata ɗan Rabi zai auri jikar Zulai, sai ta tashi zaune ta ce a dakata. Ta kuma faɗi maganar nan taki, wadda kike faɗa duk ranar da aka kawo mana katin biki: "Kafin a ɗaura, a tambayi gada."

Wallahi Inna, na ji wannan magana a bakinki ya fi a ƙirga. Na ɗauka irin karin maganar nan ce da kakanni suka taho da ita daga ƙasar Hausa a cikin kayansu, wadda ba mai neman tushenta. Ashe gada ce ta gaske, ta itace da ƙarfe, a nan Madina, garin da ko kogi babu.

Na je na zauna a bakin gadon Hajja Kaltume, ta fara da zagina a kan na daɗe ban zo ba, sannan ta ba ni labari. Ta ce a da akwai wata magudana mai zurfi tsakanin unguwarku da hanyar shiga gari. Yawancin shekara a bushe take, sai ɗan ruwan da manoman dabino ke sako wa gonakinsu. Amma in an yi ruwa can cikin duwatsu, sai ambaliya ta biyo ta, wadda ake ce wa sail, ta zo da kututture da yashi da matattun awaki, alhali a kanku rana ƙwal, ko gajimare babu. A kan wannan magudana gadar take. In sail ya taso sai a ɗaga ta, ta miƙe tsaye a ɓangarenku, ba a sauke ta sai ruwa ya janye.

To ga inda maganar take. Matan unguwa kullum da safe suna ƙetarawa da tallan gyaɗa da ƙosai da mafitai zuwa wajejen Harami, su bar jarirai gida wurin kakanni. In aka ɗaga gada suna can, shi ke nan, uwa tana wancan gefe nono yana zuba, ɗa yana wannan gefe yana tsala ihu. Madarar gwangwani ba ta zama ruwan dare ba a lokacin. Saboda haka duk macen da ke goyo a gida, ita ake kai wa. Da haka unguwar ta cika da 'yan uwan shayarwa, har ta kai ba a ɗaura aure sai tsofaffin mata sun zauna sun tuna wa ya sha wa.

Hajja Kaltume ta rantse cewa ita da hannunta ta ɗauko jariri daga gidan Zulai ta kawo miki, kika ba shi nono har aka sauke gada. Abin da ta kasa tunawa shi ne wane jaririn. Zulai tana da Balaraba, tsarar Yaya Habu da ya rasu yana ƙarami, sannan tana da Yahuza, tsarana. Duk lokutan biyu kina goyo. In Balaraba ce kika shayar, ba abin da ya shafi Mansur, don shayarwa wanda ya sha take kamawa, shi da zuriyarsa. In kuwa Yahuza ne, to ɗanki ne, Ruwaida jikarki ce, Mansur baffanta ne, aure ya haramta har abada.

Na matsa mata, na ce ta daure ta tuna ko mace ce ko namiji. Ta ce ita ta buɗe zanen goyon ne? Ruwa yana ruri, yaro yana kuka, ta sunkuce shi ta yi gidanku. Abu ɗaya ta ce ya zauna mata a kunne har yau: tana gudu da jaririn tana jin ƙarar sarƙa ana jan gada.

Da na gaya wa Mansur, dariya ya fara yi, ya ce tatsuniyar tsofaffi ce. Bayan kwana kaɗan na lura abinci ba ya shiga. Sai ya same ni a kicin ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda yake yi miki, ya ce, "Yaya, don Allah ki bincika mini." Da Hausa ya faɗa, Inna. A nan na san abin ya kai masa har zuci.

Farko Al-Sih na nufa. Na sa direba ya ajiye ni inda nake jin gidanmu yake, don ni ban tashi da wayo a can ba. Ba magudana, ba alamarta. Kwalta ce shimfiɗe, da shagon waya, da wurin wankin mota. Na tambayi wani mai shago ko ya san an taɓa yin gada a nan, ya dube ni kamar na ce masa an taɓa yin teku. Sai da zan tafi ya ce abin da ya sani kawai, in an yi ruwa, daidai ƙofar shagonsa yake taruwa, baladiyya, wato hukumar gari, ta gyara ta gaji. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin, motoci suna ta yi mini hon.

Daga nan na shiga bin tsofaffi gida gida. Kai, Inna, mutanenki! Kowa da irin tasa gadar. Wani ya ce raƙumi da kayansa yana hawa, wata ta ce ƙarya yake, mutum biyu ma sai ɗaya ya karkace. Wani ya ce ƙarafanta daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya aka samo, wani ya ce maƙerin unguwa ne ya ƙera su, ya kusa kai mini sanda don na maimaita maganar wancan. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne sunan wanda ya yi ta, wani kafinta da ake kira Usta Tanko.

Sun ce da ƙafa ya zo aikin hajji, ya yi shekaru a hanya yana aiki yana tara guzuri. A ƙasar Sudan ya ga wata gada a kan Nilu da ake ɗaga tsakiyarta jirgin ruwa ya wuce, abin ya tsaya masa a rai. Da ya zauna a Al-Sih sai ya tarar duk shekara mutane suna gicciya itatuwa a kan magudanar, duk shekara sail yana kwashe su. Shi ne ya ce in ba za a iya hana ruwa wucewa ba, a koya wa gada ba shi hanya. Ya tsaga kututturen dabino, ya jera katako a kai, ya kafe gindin a gefenku yadda zai iya lanƙwasawa. Ya kafa dogayen ginshiƙai biyu, igiya ta bi ta kansu, a ƙarshenta ya rataya tsohon duro cike da baƙaƙen duwatsun Harra. In duron ya yi ƙasa, gada ta yi sama. Maza biyu sun isa su ɗaga ta.

Kin ga ni da na fita neman amsa ɗaya, sai na shagala. Na koma zana gadar a bayan takardun makarantar yara, ina nuna wa tsofaffi suna gyara mini, har maigidana ya fara kirana muhandisa, wai injiniya. Tambayoyi suka yi ta zuwa mini waɗanda ba su shafi Mansur ba ko kaɗan. Tana lilo in an hau? Kina rufe ido in kin zo tsakiya, ke da ko lif ba kya yarda ki shiga? Da tulu a ka kike ƙetarawa? Baba a kanta ya fara ganinki? Shekara nawa muna zaune ni da ke muna tsinke ganyen mulukiyya, lalon miya, muna hirar mutane, ga wannan labari a cikinki.

Tsofaffin sun ce manoman da ke can kudu, wajen Ƙurban, su ke fara ganin ruwan. Sai su ƙwala kira, na gaba ya karɓa, kira ya yi ta gudu a bakin magudana yana tsere da ruwa har ya iso unguwa. Kuma Usta Tanko yana da doka ɗaya: in gada ta tashi ba ta sauka don kowa. An ce har matarsa ta taɓa makara, ta tsaya a wancan gefe tana roƙonsa, ruwan bai ma iso ba tukuna, ya juya mata baya. Maganarsa da tsofaffi suka riƙe ita ce, "Ruwa ba ya jin don Allah." An ce matar ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba, ni kuwa ban ga laifinta ba.

Duk wannan daɗin labari, ba wanda ya iya gaya mini yaushe aka sa sarƙa. Wasu ma sun ce igiya ce har ƙarshe. Na fara jin sanyi a raina, ina cewa wataƙila Hajja Kaltume ruɗewa ta yi, tsufa ne. Har na buga wa Mansur na ce ya kwantar da hankalinsa.

Sai wata ta ce in nemi Baba Ilu, tsohon direban tasi, wanda yana saurayi yana cikin masu jan gadar. Bayan La'asar yake zama a inuwa kusa da masallacin Anbariyya. Na same shi da 'yar kujerarsa da butar shayi. Da na ambaci gada sai fuskarsa ta washe, ya buɗe mini tafin hannunsa wai in ga inda igiya ta ci shi, ni dai tsufa kawai na gani. Ya ce igiyar kaba ce tun farko, shekara da shekaru. Sai wata rana ana saukewa ta tsinke, gada ta faɗo ta kusa kashe mutum, shi ne unguwa ta haɗu aka nemo sarƙa.

Na tambaye shi wace shekara. Ya ce shi bai san shekara ba, amma 'yar wace ce ni da nake ta tone-tone haka? Na ce Maimuna ce, 'yar Malam Garba da Rabi ta bakin gada. Sai ya ajiye kofi ya ƙyalƙyale da dariya har da tari, ya ce, "Ke ce mai ragon? Ai da naman sunanki muka ɗaura sarƙar nan." Wai ranar sunana ce aka sa ta, maza suka bar taron suka tafi aiki, Babanmu ya bi su da tiren nama har bakin magudana, suka ci da hannu duk baƙin mai.

Inna, ina murmushi ina sauraronsa, sai lissafin ya faɗo mini. In ni da sarƙa tsara ne, to duk jaririn da aka kawo miki ana jin ƙarar sarƙa, a goyona aka kawo shi. Balaraba a lokacin ta daɗe da yaye, tana yawonta da ƙafarta. Yahuza ne.

Baba Ilu bai san abin da ya rushe ba. Ya ci gaba da ba ni labarin ƙarshen gadar, yadda aka zo da manyan motoci aka binne magudanar a ƙarƙashin siminti, aka shimfiɗa titi. Ya ce gadar ta daɗe a ɗage ba mai sauke ta, don ba abin da za a ƙetare, har katakon ya bi hannun masu neman itacen girki. Sarƙar kuwa bai san inda ta shiga ba. Ya cika mini kofi, na karɓa na riƙe har ya huce.

Mun kai maganar gaban malami, ni da maigidana da Yahuza. Ya ce a koma a tambayi Hajja Kaltume sau nawa yaron ya sha, don shari'a tana da adadi. Da aka tambaye ta sai ta fusata, ta ce wa ke ƙirge a ranar? Ruwan ya yi kwanaki bai janye ba, Zulai tana wancan gefe tana kuka, yaro ya kwana ya wuni a ƙirjinki, ni a ɓari ɗaya shi a ɗaya. Malam ya ce magana ta ƙare.

Ni na gaya wa Mansur, don ni ya aika. Bai yi gardama ba, bai zagi kowa ba. Ya dubi ƙasa ya ce halas, shi ke nan, ya ɗauki makullin motarsa. Ya nemi hutu a wurin aiki ya tafi Yanbu wurin wani abokinsa, ba ya ɗaga wayar kowa sai tawa, ita ma sai ya ga dama. Ruwaida ta aiko gwaggonta da zoben da kayan da muka kai, an ninke komai tsaf. An ce ta nemi a canza mata wurin aiki. Ɗinkina yana nan wurin tela, na kasa zuwa karɓa.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji haushinki, Inna. Na ce me ya hana ki zaunar da mu ki lissafa mana 'ya'yanki na nono tun kina da rai? Da kina nan, ranar da Mansur ya fara ambatar sunan yarinyar za ki ce 'yar wa, ki kashe maganar tun zuciya ba ta kamu ba. Daga baya na gane ku ba ku taɓa zaton za a watse ba. A tunaninku unguwa tana nan, tsofaffi suna nan, duk auren da za a yi sai ya biyo ta gabanku. Ba ku san za a binne magudanar, a raba ku unguwa unguwa, jikoki su haɗu a asibiti suna gaisawa da Larabci ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, aka buga ƙofa. Maigidana ya leƙo ya ce Yahuza ne. Na miƙa hannu zan jawo mayafi in rufe fuska kamar yadda na saba, sai na ji muryarsa daga bakin falo yana cewa, "Bar shi, Maimuna. Ashe nono ɗaya muka sha." Na tsaya da mayafin a hannu. Ga mutum da furfura a gemu, wanda tsawon rayuwata nake gaishe shi ta bayan labule. Sai na tambaye shi ko ya ci abinci.

Ya zauna. Sannan ya ce ranar jana'izarki yana nan, ya zo a matsayin ɗan tsohuwar maƙwabciya, ya tsaya can baya, aka gama ya yi wa Mansur ta'aziyya ya koma shagonsa. Ya ce da ya sani, da shi zai shiga ramin ya karɓe ki. A nan ya fashe da kuka, ni ma na taya shi. Da ya natsu sai ya ce abu ɗaya ya kawo shi, yana so a nuna masa inda kike, ya je ya yi wa uwarsa sallama.

Kin san Baƙi'a, ba suna ba rubutu, mu mata kuma daga bayan katanga muke tsayawa. Mutum ɗaya ne a gidanmu ya san wurin, wanda ya shiga ramin ya kwantar da ke. Na dubi wayata na dubi Yahuza. Na ji nauyin abin da zan roƙa, amma na buga wa Mansur.

Ya ɗaga. Na gaya masa wanda ke zaune a falona da abin da yake nema. Sai na ji ya ja numfashi, ya ce, "Ki ce wa Yaya Yahuza ya jira ni gobe bayan La'asar."

Sun je, Inna. In kin ji sallamar maza biyu a kanki ranar Asabar, 'ya'yanki ne, babba da auta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa nonon da kika bayar ya zama haske a kabarinki. Allah Ya jiƙan Baba da Yaya Habu da Hajja Zulai, Ya jiƙan Usta Tanko da duk wanda ya taɓa jan igiyar nan. Allah Ya sanyaya zuciyar Mansur da ta Ruwaida, Ya ba kowannensu wanda ya halatta gare shi, Ya sa in ga ranar da za su iya gaisawa a matsayin baffa da 'ya. Hajja Kaltume kuma Allah Ya ƙara mata kwana, don jibi zan koma wurinta, ta lissafa mini sauran 'yan uwana tun tana iyawa.

Wassalamu alaiki.

'Yarki, tsarar sarƙa,
Maimuna